Banki ya ba malamin lakwal bashi, ya hana mai sayar da wake: ina matsalar take?

"Assalamu alaikum. Ni magidanci ne a Maradi. Ina sayen wake da aya a kasuwannin ƙauye ina kaiwa Jibiya, kuma ina da gona wajen Madarumfa. Mu goma ne a gida. In aka haɗa abin da nake samu a shekara na fi maƙwabcina malamin lakwal, amma shi banki ya ba shi bashi har ya yi gini, ni kuwa an maido mini takarduna. Ga shi duk damina sai na ci bashi kafin kaka. Mene ne ke sa gida ya zauna da gindinsa ta fannin kuɗi? Su kuma bankunan da me suke cin riba, tunda mu ba sa ba mu?"

Wa'alaikumus salam, Malam. Tambayarka biyu ce a baki, amma saiwarta ɗaya. Abin da ke jefa ka cin bashi kowace damina shi ne ya sa ma'aikacin banki ya maido maka takardu. Kuɗinka suna shigowa a dunƙule cikin wata uku ko huɗu, suna fita a warwatse cikin wata goma sha biyu, kuma babu takardar da ke nuna hanyar da suka bi. Malamin lakwal bai kai ka samu ba, amma nasa kowane wata yake sauka, a cikin asusun da bankin ke riƙe da shi. Mu fara da gida, don nan ne ikonka ya fi yawa, sannan mu leƙa yadda banki ke lissafi.

Rumbu ake fara aunawa

A ƙasar Maradi, ma'aunin farko na lafiyar gida shi ne wata nawa hatsin rumbu zai kai. Hukumomin Nijar suna lissafa kilo 231 na hatsi ga mutum ɗaya a shekara. Gida mai mutum goma yana cin kilo 2,310 ke nan, buhu 23 na kilo ɗari da ɗan ɗori, kusan tiya biyu da rabi kowace rana. In dammunan da ka ɗaure za su ba da buhu 14, to tun ranar da aka rufe rumbu ka san akwai giɓin buhu tara, kuma giɓin zai bayyana daga wajen watan Mayu har sabon hatsi ya nuna, daidai lokacin da tiya ta fi tsada.

A nan yawancin gidaje ke zubar da kuɗi ba tare da sun ji ba. A ɗauki misali: mutum ya sayar da hatsi a kaka tiya sefa 500 don biyan wata buƙata, ya dawo ya saye shi a damina sefa 800. Bai sa hannu a takardar kowa ba, amma ya biya ruwa kashi 60 cikin ɗari a wata takwas. Babu bankin da doka ta yarje wa ya karɓi ko rabin wannan. Haka bashin da ake karɓa a hannun mai kanti a damina a biya da buhu a kaka, in ka mayar da shi kuɗi za ka tarar ya fi kowane bashi tsada. Shawarar da nake ba kowane magidanci mai ɗan jari ita ce ya sayi giɓin cimakarsa tsakanin Oktoba da Disamba, kafin ya sayi buhu ɗaya na kasuwanci. Kai da kake yawo kasuwannin ƙauye ka fi kowa damar yin haka da araha.

Sai kalandar fitar kuɗi. Iri, taki da ƴan ƙwadago suna zuwa daga Yuni. Masassarar cizon sauro tana tsananta daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Lakwal na buɗewa a Oktoba, kafin wake ya yi kuɗi. Aure da suna da gudummawar dangi sun fi yawa bayan kaka. Azumi da layya kuwa suna matsowa da kwana goma sha ɗaya kowace shekara, don haka akwai shekarun da ragon layya da kuɗin taki ke haɗuwa a wata ɗaya. Duk waɗannan sanannu ne tun kafin su zo, sai dai a gidaje da yawa ana tarbarsu kamar baƙin da ba su yi sallama ba. Ka ɗauki takarda ka rubuta watanni goma sha biyu, ƙarƙashin kowanne ka sa abin da ya saba shigowa da abin da ya saba fita. Watannin da suka yi ja, su ne girman ajiyar da kake buƙata. Ba sai ka yi ƙiyasi da ka ba.

Jari da cefane a aljihu ɗaya

Wannan ita ce cutar ƴan kasuwa, ƙanana da manya. Mutum ya sayar da kaya a Jibiya, ya zuba kuɗin a aljihu, daga nan a cire na cefane, a cire na magani, a cire na ɗan'uwa da ya zo da lalura. Bayan wata huɗu ya ga jarin da ke ɗauko buhu 60 ya koma 45, ya ce kasuwa ce ta lalace. Maganin ba shi da daɗi amma yana aiki: ka yanka wa kanka albashi. Ka ƙayyade abin da gida ke ci a wata, ka cire shi rana ɗaya, ka ba shi mazauni dabam. Abin da ya rage na kasuwa ne, ba a taɓa shi sai an yi lissafin ƙarshen zagaye. Kuma a lissafin riba a saka kuɗin mota, ƴan dako, dillali, buhunan zuba kaya, abin da ake kashewa a hanya, da ragin awo idan wake ya bushe ko ƙwari suka shige shi. Wake in za a ajiye shi ya wuce wata biyu, a zuba shi a buhu mai ruɓi uku irin na PICS, a bushe sarai, a matse iska, a ɗaure kowace leda dabam. Leda ɗaya in ta huje, aikin ya lalace.

Bashin da ka bayar shi ma jari ne da ya bar hannunka. Mai buhu 50 da ya raba 20 bashi ba tare da ranar biya a rubuce ba, jarinsa na gaskiya buhu 30 ne.

Sai maganar naira, wadda duk mai bin hanyar Dan Isa zuwa Jibiya ya san zafinta. Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, yuro ɗaya sefa 655.957, ita kuwa naira an sakar wa kasuwa ta yanke mata farashi a watan Yuni 2023, ta tashi daga wajen 460 a dalar Amurka ɗaya a farashin hukuma ta haura 1,400 a farkon 2024. Wanda ya sayi kaya da sefa, ya sayar da naira bashi na wata guda, yana iya cin riba a takarda ya yi asara a wurin ɗan canji. Ƙa'idar mai sauƙi ce: cefanenka da bashinka da sefa suke, don haka kada naira ta kwana a hannunka fiye da yadda ciniki ya tilasta, sai fa in kayan da za ka komo da su da naira za ka saye su. Iyakar kanta ba abin dogaro ba ce. Najeriya ta rufe ta a Agusta 2019, ta Jibiya ba ta sake buɗewa a hukumance ba sai 2022, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. A Oktoba 2024 kuma gwamnatin Nijar ta hana fitar da hatsi waje. Gidan da duk samunsa ya rataya a kan hanya ɗaya, ranar da aka datse ta shi ma ya tsaya.

Shi ya sa nake ɗaukar sana'ar matan gida da muhimmanci a lissafi. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, turkar rago, jar akuya biyu ko uku a bayan ɗaki, waɗannan ne ke kawo kuɗi a watannin da fatauci ya kwanta. Ba banza ba tsarin Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maradi a 1991, ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Mata suna zubi kowane mako, suna ba juna rance daga akwati, a raba a ƙarshen zagaye. Gida mai ƙarfi yana da ajiya hawa uku: kuɗin hannu na lalurar dare, ƙaramar dabba da za a iya sayarwa ranar kasuwa, sai babbar kadara kamar gona ko sa. Talauci yana shiga gida ne ranar da ciwo ya tsallake hawa na farko da na biyu, don babu su, ya faɗa kan na uku.

Yadda banki ke cin abinci

Kuɗin da banki ke ba da bashi ba nasa ba ne, yawancinsu ajiyar mutane ce, kuma mai ajiya yana iya zuwa gobe da safe ya ce a ba shi abinsa. Ribar banki tana fitowa daga tazarar da ke tsakanin abin da yake biyan masu ajiya da abin da yake karɓa a hannun masu bashi, sai kuɗin hidima kamar aika kuɗi da canji da kula da asusu. Dukkan ɓangarorin biyu doka ta yi musu shinge. A ƙasashe takwas na UEMOA, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, asusun ajiya na littafi ana biyansa kashi 3.5 cikin ɗari a shekara. A 2014 kuma aka tsaida iyakar tsadar bashi a kashi 15 ga bankuna, kashi 24 ga ƙananan cibiyoyin ajiya da bashi. Cikin wannan tazarar za a biya ma'aikata, haya, wuta, masu gadi, injuna, sannan a toshe ramin bashin da bai dawo ba.

Wannan ramin shi ne ke raba banki mai lafiya da mai ciwo. A ce bayan an cire komai banki yana tsira da sefa 5 a kowace 100 da ya bayar. In miliyan ɗaya ta mutu a hannun mutum guda, sai miliyan 20 sun yi shekara suna dawowa lafiya kafin a maye gurbinta. Bashi in ya wuce kwana 90 ba a biya ba, ƙa'ida ta tilasta a sanya shi cikin masu shakka, a fara ware masa kuɗi daga riba. Nijar ta taɓa ganin ƙarshen sakaci da wannan: bankin raya ƙasa na BDRN ya durƙushe a 1990 da tarin basussukan da ba su dawo ba, a kan abin da ya rage aka kafa SONIBANK. Tsoron da kake gani a fuskar ma'aikacin bashi yana da tarihi.

Akwai kuma tsadar ƙaramin bashi. Rancen sefa 200,000 da ake biya wata-wata a shekara, a kan kashi 1 cikin ɗari a wata bisa abin da ya rage, ruwansa gaba ɗaya sefa 13,000 ne. In sai ma'aikaci ya hau babur ya je Mayahi ko Dakoro ya duba gona, ya koma ya bi biya, kuɗin mai kaɗai sun cinye shi. Aikin takarda na bashin 200,000 da na miliyan 20 kusan ɗaya ne. To ka ga dalilin da ya sa bankuna suka fi karkata ga manyan alhazai masu shigo da kaya, kamfanoni, ma'aikata masu albashi, da takardun bashin gwamnati. Ni a ganina wannan karkatar ta wuce kima a jiha irin tamu da noma ke riƙe da ita, amma ba ƙiyayya ce ta kawo ta ba, lissafi ne.

Dogaro da gwamnati shi ma yana da nasa haɗarin. Takunkumin da aka ƙaƙaba wa Nijar daga 30 ga Yuli 2023 zuwa 24 ga Fabrairu 2024 ya sa BCEAO, wato babban bankin ƙasashen UEMOA, ta riƙe kuɗin gwamnati, biyan basussukan ƙasa ya tsaya, tsabar kuɗi ta yi ƙaranci, aka ƙayyade abin da mutum zai iya cirewa. Banki yana iya zama da kadara mai yawa a takarda amma babu tsaba a akwati, kuma mutumin da ya sha layi kan kuɗinsa ba ya saurin maido da ajiya. Ajiya in ta ragu, bashi ma raguwa yake yi. Ga kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana sun kwashe wani ɓangare na hada-hadar da a da banki ke ci. A nan gida da banki suke haɗuwa: shekarar da damina ta yi gardama ko aka rufe iyaka, manomi ya kasa biyan mai kanti, mai kanti ya kasa biyan babban dila, dila ya kasa biyan banki.

Abin da ya sa aka maido takardunka, da abin yi

Ban ga takardun ba, don haka abin da zan faɗa shi ne abin da aka fi samu a irin wannan hali. Wanda ke nazarin neman bashi yana neman amsar tambaya ɗaya: daga ina kuɗin biya za su fito, a wace rana? Ga malami amsar a fili take. Albashinsa ta bankin yake bi, ana cire rabon banki kafin ya taɓa, kuma bisa al'ada ba a barin biyan ya wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na albashin. Kai kuwa cinikinka na miliyoyi hannu da hannu yake tafiya, asusunka kuma ba ya motsi sai mako biyu kafin ka kai buƙata. Wannan zubin na gaggawa kowane ma'aikaci yana gane shi.

Ka sa cinikinka ya riƙa bi ta asusu na tsawon wata shida zuwa shekara, ko da za ka zuba yau ka cire jibi. Buɗe asusu kyauta ne, yana cikin hidimomi 19 da BCEAO ta hana a karɓi kuɗi a kansu tun Oktoba 2014. Ka riƙe littafi mai rana, kasuwa, adadin buhu, farashin saye da na sayarwa. Ka yi rajistar kasuwanci ta RCCM da lambar haraji ta NIF. Game da jingina, takardar shaidar gona daga mai gari ko hukumar filaye tana kare ka daga rigima, amma banki ya fi son titir fonsiye, wato takardar mallakar fili ta gwamnati, don shi ne ake iya rubuta jingina a kansa. Ka kuma san cewa akwai ofishin tattara tarihin masu bashi, wanda bankuna da manyan cibiyoyin rance ke dubawa. Tsohon bashin da ka yi wasa da shi, ko wanda ka tsaya wa wani bai biya ba, yana nan a rubuce.

Wani kuskuren shi ne neman bashin da bai dace da sana'ar ba. Mai ajiye wake daga Nuwamba zuwa Mayu in ya karɓi rancen da ake biya kowane wata, zai fara sayar da kayan tun suna araha don ya cika alƙawari. Irin naka shi ne rance na zagaye, a biya a dunƙule bayan sayarwa. Akwai kuma warantaj, wanda aka fara yaɗawa a Nijar tun ƙarshen shekarun 1990. Ƙungiyar manoma tana zuba amfanin gona a sito, a sa kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun ƙungiya ɗaya a hannun mai ba da rance, a ba da kusan kashi 70 zuwa 80 na darajar kayan a farashin kaka, a buɗe wajen Afrilu ko Mayu. Yana hana sayarwa da araha, amma ba kowace shekara yake biya ba. In gwamnati ta fito da hatsi mai rahusa ko ta hana fitarwa, farashi na iya kwanciya, ga ruwa da hayar sito suna jira. Sharaɗinsa kuma shi ne kuɗin da aka karɓa su shiga sana'ar da za ta biya bashin, kamar turka ko lambu, ba biki ba.

Kafin ka sa hannu a ko'ina, ka tambayi yadda ake lissafa ruwan. Rancen sefa 1,200,000 na wata goma sha biyu a kashi 1 cikin ɗari a wata: in ana lissafawa bisa abin da ya rage, wata na farko 12,000, na biyu 11,000, haka har 1,000, jimla 78,000. In kuwa bisa uwar kuɗin farko ake lissafawa har ƙarshe, 144,000 ne. Duka biyun "kashi ɗaya" za a ce maka. Ƙara da kuɗin takarda, inshora, haraji, da ajiyar dole da wasu cibiyoyi ke riƙewa. Ka nemi a rubuta maka TEG, wato tsadar bashin gaba ɗaya a shekara, da jadawalin biya wata-wata, ka tafi da su gida ka kwana a kansu. In ribar da zagayenka ke bayarwa bayan an cire komai ba ta ninka wannan tsadar ba, bashin wahala zai ƙara maka.

Mutane da yawa a Maradi suna gudun banki saboda kuɗin ruwa, kuma hukuncin wannan na malamai ne, ba nawa ba. Ta fannin aiki dai akwai Bankin Musulunci na Nijar da wasu rassa masu tsarin murabaha, inda banki ke sayen kayan ya sayar maka da ƙari sananne, ka biya a hankali. Nan ma ka tambayi jimlar abin da za ka biya, da abin da zai faru in ka makara.

Wurin ajiya kuwa, ka tabbatar yana da lasisi. Ƙananan cibiyoyi hukumar ARSM ce ke sa musu ido. Asusun lamunin ajiya na yankin yana biyan mai ajiya har sefa 1,400,000 in banki ya rushe, 300,000 in ƙaramar cibiya ce. Abin da ya haura haka a raba shi wuri biyu, kuma kuɗin sayen kaya na makonnin farko na kaka a fara cire su tun Satumba kaɗan-kaɗan, kada a jira ranar da kowa zai zo nema a tare.